Fom ɗin Intanet da Haƙƙin Mai Cika Shi: Ina Rabon Ɗalibin Harshe?

1.0 Gabatarwa

A yau da wuya a sami ɗalibin da ya shigo jami'a ba tare da ya cika fom a intanet ba. Rajistar jarrabawar JAMB, biyan kuɗin makaranta, rajistar kwasa-kwasai, neman ɗakin kwana, duk ta nan ake bi. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta gaba ɗaya, sannan daga 2021 ta wajabta wa mai rajista ya mallaki lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ke nan fom ya zama ƙofa, wanda kuwa ya kasa cika shi a waje zai tsaya, komai ƙoƙarinsa a karatu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin yadda ake tsara fom ɗin da kowa zai iya cikawa da kansa, har da makaho da mai raunin gani da wanda hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta, ba tare da an fita daga ƙa'idojin da aka shimfiɗa wa harshen gina shafukan intanet ba. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, ƙa'idojin nan sun tanadi kayan aiki, amma sun tsaya a wani matsayi, kuma daga inda suka tsaya aikin ya zama na mai ilimin harshe, wato mu.

2.0 Su Wa Ake Magana a Kansu?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kimanin kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. A Nijeriya akwai dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa a Abuja cikin 2020. Kafin wannan, a 2010 Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 9 ya ambaci hanyoyin sadarwa, har da intanet.

Makaho yana amfani da kwamfuta ko waya ne ta hanyar manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya. Daga cikinsu akwai JAWS, da NVDA wadda wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka samar kyauta daga 2006, da TalkBack a wayoyin Android, da VoiceOver a na'urorin Apple. Hausawa na cewa gani ya kori ji. To ga mai amfani da irin wannan manhaja, ji shi ne ganinsa. Duk abin da manhajar ba ta faɗa ba, babu shi ke nan a wurinsa.

A garinmu Uke, wanda ke kan babbar hanyar Abuja zuwa Keffi, na sha zama a shagunan da ake cika wa mutane fom a biya. Na lura masu zuwa iri uku ne: wanda ba shi da na'ura, da wanda ba ya jin Turanci, da wanda idonsa ko hannunsa ya gaza. Na farko talauci ne ya kawo shi, amma sauran biyun fom ɗin ne ya kore su. Abin da ya fi damuna shi ne, duk wanda ya miƙa wa wani cikon fom ya miƙa masa sirrinsa: ranar haihuwa, lambar waya, lambar asusu, wani lokaci har da kalmar sirri, kuma ana faɗarsu da ƙarfi a gaban masu jiran layi.

3.0 Ƙa'idar Shafi da Ƙa'idar Rubutu

Ana gina shafin intanet ne da wani harshe da ake kira HTML. Aikinsa shi ne sanya wa kowane yanki na rubutu alama: wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan gurbin cikawa ne. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ita ta fitar da HTML 4.0 a watan Disamban 1997, da XHTML 1.0 a Janairun 2000, da HTML5 a Oktoban 2014. Haka kuma ita ke fitar da jagororin sauƙaƙa shafuka ga naƙasassu da ake kira WCAG, na farko a 1999, sai 2.0 a 2008, da 2.1 a 2018, da 2.2 a 2023.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun karanta yadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa a 1912, da yadda aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, da taron Bamako na 1966. Dalilin duk waɗannan shi ne abin da aka rubuta a Sakkwato ya karantu a Zariya da Maraɗi. Haka ƙa'idar HTML take, sai dai masu karatunta na farko na'urori ne. Mai gani yana iya hasashen abin da aka nufa ko da an karya ƙa'ida, kamar yadda muke gane wasiƙar da aka rubuta ba aya ba waƙafi. Na'ura kuwa ba ta hasashe, abin da aka alamta kawai take faɗa.

4.0 Abin da Ƙa'ida Ta Tanada

4.1 Ɗaure Gurbi da Sunansa

Kowane gurbi a fom yana buƙatar suna da zai faɗi abin da za a rubuta a ciki. Da yawa daga masu tsara fom sukan rubuta sunan a gefen gurbin su wuce, suna ganin kusanci ya isa. Mu kuwa mun san a nahawu cewa jera kalmomi biyu ba ya ƙulla su. Idan aka ce "riga Audu" ba a yi magana ba, sai an sa ɗafin nasaba an ce "rigar Audu". To HTML ma tana da nata ɗafin nasabar tun 1997. Ga misali:

<label for="gari">Garin haihuwa</label>
<input id="gari" name="gari">

Kalmar "gari" da ta zo bayan for a layin farko, ta sake zuwa bayan id a layi na biyu, ita ce ɗafin. Da zarar makaho ya iso gurbin, manhajarsa za ta faɗi "Garin haihuwa". In babu wannan ɗauri, abin da zai ji kawai shi ne akwai gurbin rubutu, bai san ko na suna ne ko na lambar waya ba. Akwai ƙarin fa'ida ga mai rawar hannu: taɓa sunan ma yana kai shi cikin gurbin, ba sai ya saita ɗan ƙaramin akwati ba.

A kula, rubutun nan mai dishi-dishi da ake sawa cikin gurbi a matsayin misali ba ya maye gurbin suna. Yana ɓacewa da zarar an fara rubutu, sai wanda aka katse wa aiki ya dawo ya rasa me ake tambayarsa.

4.2 Tara Dangi Wuri Guda

Wasu tambayoyin suna da zaɓi, kamar a ce "Kana da ɗakin kwana a makaranta?" sannan a ba da "E" da "A'a". Idan irin wannan tambaya ta kai biyar a jere, makaho zai yi ta jin "E, A'a, E, A'a" bai san wace amsa ce ta wace tambaya ba. Ƙa'ida ta tanadi alamar fieldset wadda ke kewaye zaɓuɓɓukan kamar katangar gida, da alamar legend wadda ke ɗauke da tambayar kamar sunan mai gidan a ƙofar zaure.

4.3 Jeri, Launi da Lokaci

Wanda ba ya amfani da linzami yana tafiya daga gurbi zuwa gurbi ne da maɓallin Tab, kuma maɓallin yana bin jerin da aka rubuta alamomin ne, ba yadda suka bayyana a allo ba. Don haka dole jerin rubutu ya dace da jerin ma'ana. Game da launi, WCAG ta ce kada a dogara da shi kaɗai wajen isar da saƙo. A ce "gurabun da ke da ja dole ne a cika su" bai amfani wanda ba ya gani ko wanda ba ya bambance launuka ba, sai a rubuta kalmar "dole" a jikin sunan gurbin. Ta kuma nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. WCAG 2.2 ta ƙara da cewa abin dannawa kada ya gaza ɗigon allo 24 a tsaye da 24 a kwance, kuma kada a sa mutum ya sake rubuta abin da ya riga ya bayar a wannan zaman. Fom mai ƙayyadadden lokaci kuwa, a bai wa mai cikawa damar ƙara lokacin, domin mai saurare ya fi mai gani jinkiri.

5.0 Inda Hausa Ke Tuntuɓe

5.1 Haruffa Masu Ƙugiya

Duk ɗalibin shekarar farko ya san bambancin "kafa" da "ƙafa", da na "baki" da "baƙi", da na "dauri" da "ɗauri". Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, an yi amfani da zanen haruffa na musamman irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma sun yi wa rubutun Hausa gagarumin aiki a zamaninsu. Dabararsu ita ce aron mazaunin wasu alamomi a ɗora musu surar harafi mai ƙugiya. Shi ya sa idan aka buɗe tsohon kundi a kwamfutar da ba ta da zanen, sai a ga "}asa" a madadin "ƙasa", da "]aya" a madadin "ɗaya". A takarda wannan dabara ta wadatar, amma a fom ba za ta yi ba, domin abin da ake aikawa lambar harafi ce ba surarsa ba, kuma manhajar makaho alamar baka za ta gani.

Unicode ya bai wa kowane harafinmu lambarsa: ɓ tana da U+0253, ɗ tana da U+0257, ƙ tana da U+0199, sai ƴ da ake amfani da ita a Nijar mai U+01B4. Sharaɗin shi ne shafin ya bayyana cewa da tsarin UTF-8 aka rubuta shi, kuma rumbun da ke ajiye amsoshi shi ma ya bi wannan tsari. Idan aka aika da UTF-8 aka karanta da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, "ɗaki" zai koma "É—aki", "ƙ" kuma ta koma "Æ™". Duk wanda ya ga irin wannan tarkace a kan takardarsa, to ya san inda gizo ke saƙar.

5.2 Alamar Hamza a Suna

Sau da yawa mai tsara fom yakan sa sharaɗin cewa gurbin suna ba zai karɓi komai ba sai haruffa 26 na Turanci. Da wannan sharaɗi an kori Asma'u da Sa'adatu da Mu'azu da Rabi'u da Shu'aibu, an kori Ɗanladi da Ɗanjuma, an kori mutumin Ƙanƙara da na Ƙaura Namoda da na 'Yankaba. Sai mai suna ya ga dole ya sauya rubutun sunansa don fom ya wuce. Gobe wani fom ɗin ya karɓi alamar, sai takardunsa biyu su saɓa, a ce ya je kotu ya yi rantsuwa cewa shi ne shi. Ƙa'idar HTML ba ta hana waɗannan haruffa ba, mai tsarawa ne ya hana. Haka kuma ya kamata a san alamar tana da sura fiye da ɗaya: akwai miƙaƙƙiya, akwai lanƙwasasshiya wadda wasu wayoyi ke sauyawa da kansu. A ido kusan ɗaya suke, a wurin na'ura kuwa daban-daban ne, don haka fom mai kyau zai karɓi duka ya mayar da su sura guda kafin ya ajiye.

5.3 Bayyana Harshe

Ana gaya wa na'ura harshen shafi ta hanyar rubuta lang="ha" a farkonsa. Wannan ne ke sa manhajar karatu ta nemi muryar da ta dace. Idan Ajami ne, sai a rubuta lang="ha-Arab" a haɗa da dir="rtl" don rubutu ya tashi daga dama. A gurbin da ake tsammanin wani zai cika da Boko wani da Ajami, dir="auto" yana barin na'ura ta duba harafin farko ta san inda za ta fuskanta.

6.0 Iyakar Ƙa'ida

A nan ne ya kamata mu buɗe ido. Na farko, rubuta lang="ha" sanarwa ce kawai. In babu muryar Hausa a cikin na'urar, da lafazin wani harshe za ta karanta, sai kalmomi su fito a karye. Wannan yana nuna mana cewa gajerun kalmomi sanannu sun fi dogayen jimloli amfani a fom.

Na biyu, akwai saƙonnin da manhajar buɗe shafi ke fitarwa da kanta. Idan aka alamta gurbi da required, mutum ya bar shi fayau, gargaɗin da zai fito da harshen manhajar yake zuwa, ba da harshen shafin ba. Haka rubutun da ke kan maɓallin ɗora hoto. Ke nan fom ɗin Hausa tsantsa zai iya yi wa mai cikawa Turanci daidai lokacin da ya ruɗe. Mafita ita ce mai tsarawa ya rubuta nasa saƙon da Hausa, ya ajiye shi kusa da gurbin, ya ɗaure su da alamar aria-describedby daga tsarin ARIA da W3C ta fitar a 2014. Amma masu wannan tsari da kansu sun yi gargaɗi cewa inda asalin alamar HTML za ta yi aiki, kada a bar ta a kama ARIA.

Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, ƙa'ida ba ta auna ma'ana. W3C tana da manhajar da ke duba shafi ta ce ya bi ƙa'ida ko bai bi ba. Fom ɗin da aka sa wa gurbinsa suna "Abu na 1" zai ci wannan gwaji lafiya lau, kamar jimlar da nahawunta ya tsaya amma ba ta faɗi komai ba.

7.0 Rabon Ɗalibin Harshe

Ga wasu matsaloli huɗu da babu mai warware su sai wanda ya san Hausa.

Ta farko ita ce jinsi. Turanci yana fuskantar namiji da mace da wakilin suna guda, Hausa kuwa tana raba "sunanka" da "sunanki". Rubuta "sunanka/ki" yana da sauƙi a ido, amma a kunne ya zama tsaki, domin manhaja na iya karanta sandar da ke tsakani. Ina ganin hanya biyu sun fi: ko dai a bar suna tsurarsa, a ce "Cikakken suna", ko a yi amfani da sigar da ba ta nuna mai aikatawa, a ce "A rubuta lambar waya". Wannan siga tana da ladabi, kuma ta dace da yaro da dattijo.

Ta biyu ita ce tsarin suna. Fom ɗin da aka kwafo daga Turai yana neman sunan da dangi duka ke gado. Bahaushe kuwa yana da sunan yanka, ya bi shi da na mahaifi, wani lokaci da na gari, kamar yadda muka sani a sunayen Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari da Malam Sa'adu Zungur. Idan aka fassara gurbin da "sunan iyali", wani zai rubuta sunan matarsa, domin abin da "iyali" ke nufi ke nan a bakin magidanci. Ƙa'idar HTML ta yarda da gurbi ɗaya na cikakken suna. In kuwa dole ne a raba, to a ce "Sunan yanka" da "Suna na ƙarshe, kamar yadda yake a katin NIN".

Ta uku ita ce saƙon kuskure. "An sami matsala" ba saƙo ba ne, domin bai faɗi ina ba, bai faɗi mene ne ba, bai faɗi yaya za a yi ba. A kwatanta shi da wannan: "Lambar waya ba ta cika ba. Ana buƙatar lambobi 11, an rubuta 10." A lura kuma da sigar "an rubuta", wadda ta nuna gyara ba tare da nuna wa mutum yatsa ba.

Ta huɗu ita ce zaɓen kalma da tsayawa a kanta. Idan a shafi na farko an ce "kalmar sirri", kada a shafi na biyu a ce "mabuɗi". A adabi sauya kalma ado ne, a fom kuwa ruɗani ne. Maɓallin ƙarshe ma ya faɗi aikinsa: "Aika fom" ko "Biya kuɗi" ya fi "Danna nan". Haka nan a yi la'akari da cewa a yanki irin namu na kewayen Abuja, da yawa daga masu jin Hausa ba harshensu na farko ba ne. Kalmar da ake ji a kasuwa da tasha, ko da ta aro ce, ta fi ƙirƙirarriyar da sai an duba ƙamus.

8.0 Aikin Gwaji

Ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara su gwada waɗannan. A ɗauki kowane fom, a ture linzami gefe, a cika shi da maɓallin Tab kaɗai. Sannan a kunna TalkBack ko VoiceOver a waya, a rufe ido, a saurari abin da kowane gurbi ke faɗa. Bayan haka a rubuta "Ɗanladi" da "Asma'u" a gurbin suna a ga ko zai karɓa. Daga ƙarshe a fassara sunayen gurabun da saƙonnin kuskuren zuwa Hausa, a karanta wa wanda bai yi boko ba, a tambaye shi me ya fahimta. Sakamakon wannan kaɗai ya isa ya zama tushen kundin kammala digiri.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa tun 1997 ƙa'idar HTML ta tanadi hanyar ɗaure gurbi da sunansa, da tara zaɓuɓɓuka, da bayyana harshe, kuma Unicode ya bai wa haruffanmu mazauni. An kuma ga cewa ƙa'idar ba ta samar da muryar Hausa, ba ta fassara saƙo, ba ta san tsarin sunan Bahaushe ba. Waɗannan gibba ne da ke jiran masu fassara da masu nazarin nahawu da ma'ana. Saboda haka ina kira ga sassan Hausa na jami'o'inmu da su sa fassarar fom cikin darussan fassara, su kuma haɗa kai da sassan kimiyyar kwamfuta da ƙungiyoyin makafi, domin wanda zai cika fom da kunne shi ya fi cancanta ya ce an yi daidai ko ba a yi ba. Allah ya sa mu dace.